Gunpei Yokoi, 1941 zuwa 1997: Makanikin da Ya Yi Magani da Tsohuwar Zuma

Da wuya a sami wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Haɗeja tsakanin 1990 da 2000 da zai ce bai taɓa ganin gem ɗin nan da ake jonawa da talabijin ba, mai rawayan kaset da 'yar bindigar roba da ake harbin agwagi da ita. A cikin garin Haɗeja an fi samunsa. A garuruwan fadama irin su Guri kuwa, abin ya danganta ga samun wuta ko janareta, shi ya sa ɗan ƙaramin gem na hannu mai aiki da batir ya fi yawo a aljihun samari. Yau wasu daga cikinmu sun tono tsofaffin kayan nan daga ƙasan akwati domin su nuna wa 'ya'yansu, amma da suka jona su da talabijin ta bango sai hoto ya fito dishi-dishi, bindiga kuma ta ƙi kashe ko agwagwa ɗaya. Bindigar nan, da wasan agwagin, da maɓallin nan mai kusurwa huɗu da ake dannawa da babban yatsa, duk sun fito ne daga hannun wani mutumin Japan mai suna Gunpei Yokoi. Tarihinsa ne za mu kawo a wannan karo, kuma a cikinsa za mu ga dalilin da ya sa bindigar ta ƙi sabuwar talabijin.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Gunpei Yokoi ranar 10 ga Satumba, 1941, a birnin Kiyoto, tsohon babban birnin sarakunan Japan, watanni uku kafin ƙasarsa ta shiga yaƙi da Amurka. Ya tashi ne a shekarun bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Japan ke farfaɗowa daga rushewa, kuma tun yana yaro an san shi da ƙere-ƙere da kwance abu a sake ɗaura shi. Ya yi karatun ilmin lantarki a Jami'ar Doshisha da ke nan Kiyoto, ya gama a 1965.

A wancan zamani burin duk wanda ya karanci lantarki shi ne ya sami aiki a manyan kamfanonin rediyo da talabijin. Yokoi bai sami shiga ko ɗaya daga cikinsu ba. Kamfanin da ya ɗauke shi wani ɗan madaidaici ne mai suna Nintendo, wanda tun kafa shi a 1889 sana'arsa ita ce buga karta. Aikin da aka ba shi kuwa shi ne kula da injinan buga kartar, ya sa musu mai, ya gyara su idan sun tsaya. Wato dai mai digiri ya zama makanikin masana'anta.

Hannu Mai Miƙewa

Lokacin da ya kama aiki, kamfanin yana cikin matsi. Kasuwar karta ta faɗi, shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gwada sana'o'i iri-iri, har da motocin haya da shinkafa mai saurin dahuwa, ba wanda ya ɗore. Shi kuwa Yokoi, da yake injinan ba kullum suke lalacewa ba, sai ya riƙa amfani da lokacin da ba aiki yana ƙera 'yan abubuwan wasa da kayan aikin masana'antar. Wata rana a 1966 Yamauchi yana zagaye sai ya tarar da shi da wani abu kamar almakashi da yawa da aka jera, idan an matse hannuwansa biyu sai ya miƙe ya cafko abin da ke nesa. Aka kira Yokoi ofis, yana tsammanin faɗa ko kora. Maimakon haka sai aka umarce shi da ya mai da abin nan haja kafin bikin ƙarshen shekara.

An sa wa abin suna Ultra Hand, kuma an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan aka ɗauke Yokoi daga gyaran inji aka mai da shi sashen ƙirƙira, wanda daga baya ya shugabanta shekaru masu yawa. Ya fito da injin jefa ƙwallo na yara a 1967, sa'an nan a 1969 ya yi wata na'ura mai suna Love Tester, wadda saurayi da budurwa ke riƙe wa suna riƙe da hannun juna, allura ta motsa wai tana auna soyayya. Cikinta ba kome sai mita mai auna gudun lantarki, irin wadda ke kowane ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar sakandare.

Bindigar Haske

A ƙarshen shekarun 1960 wani injiniyan kamfanin Sharp mai suna Masayuki Uemura ya zo tallar ƙananan faranta masu jin haske, dangin farantin solar da muke gani yau a kan rufin gidaje. Yokoi ya duba su, sai ya ga abin bara. Idan aka yi bindiga mai fitar da haske maimakon harsashi, aka sa farantin a jikin abin da ake harbi, to haske na taɓa shi abin zai faɗi. Da haka aka fito da bindigar haske ta yara a 1970, ta kuwa yi kasuwa, har Uemura ya bar Sharp ya koma Nintendo.

A 1973 aka faɗaɗa dabarar. Japan ta cika da manyan ɗakunan wani wasa na gara ƙwallo a ture sanduna, waɗanda yayinsu ya wuce aka bar su a rufe. Sai kamfanin ya mai da su wuraren harbi da bindigar haske. Abin ya fara da kyau, amma tashin farashin man fetur na wannan shekara, wanda ya kawo wa Nijeriya kuɗi mai yawa, ya durƙusar da kasuwar Japan, aka soke oda da yawa, kamfanin ya afka cikin bashin da ya ɗauke shi shekaru yana biya. Duk da haka Yokoi bai jefar da dabarar ba. A 1976 ya yi wani abin wasa na gida mai haska hoton agwagwa a bango ana harbinta. Wannan shi ne kakan wasan da muka sani.

Gem a Cikin Aljihu

Kamar yadda shi kansa ya ba da labari, wata rana yana cikin jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya ga wani ma'aikaci da zaman ya gundura yana ta danne-dannen kalkuleta don ɓata lokaci. A lokacin kamfanonin kalkuleta sun yi ta gasa har gilashinta da ƙwaƙwalwarta sun yi arha ƙwarai. Yokoi ya ga cewa da waɗannan kaya masu arha za a iya yin ɗan wasan da zai shiga aljihun riga. Dama ta zo masa ranar da direban Yamauchi bai da lafiya, aka ce shi ya tuƙa shugaban zuwa wani taro, a hanya ya faɗa masa shawararsa. A wajen taron kuwa Yamauchi ya haɗu da shugaban Sharp, magana ta ƙullu.

A watan Afrilu na 1980 aka fito da Game & Watch, gem da agogo a haɗe, kowace na'ura da wasa ɗaya a cikinta. An sayar da fiye da miliyan 43 a duniya, kuma su suka taimaka wa kamfanin ya fita daga bashi. A kan ɗaya daga cikinsu ne, a 1982, Yokoi da mutanensa suka fara sa maɓallin nan mai kusurwa huɗu, sama da ƙasa da dama da hagu, domin sandar tuƙi irin ta manyan injinan wasa ba za ta bari a rufe murfin na'urar ba. Har yau da wuya a ga abin riƙe gem da ba shi da wannan maɓalli.

Har ila yau shi ne ya zama malami ga wani saurayi mai zane, Shigeru Miyamoto. A 1981 kamfanin yana da injinan wasa kimanin 2,000 jibge a Amurka, ba mai saye. Maimakon a zubar da su, aka ce a sake musu wasan da ke ciki. Miyamoto ya tsara, Yokoi ya sa ido a kan aikin, aka sami Donkey Kong, inda mutumin nan mai jar hula da gashin baki, wanda daga baya aka kira Mario, ya fara bayyana.

Ka'idarsa ta Aiki

Duk wanda ya dubi waɗannan ayyuka zai ga zare ɗaya ne ya ɗinke su. Yokoi ba ya bin sabuwar fasaha mai tsada wadda ba a gama sanin halinta ba. Yakan nemi wadda ta kwana biyu, ta yi arha, masu gyara sun san ciwonta da maganinta, sa'an nan ya nema mata aikin da ba wanda ya taɓa tunanin za ta yi. Bahaushe ya riga ya ce da tsohuwar zuma ake magani. A wajensa daɗin wasa shi ne gaba da kome, ƙarfin inji kuwa yana biye.

Babbar shaidar wannan ka'ida ita ce Game Boy, wanda shi da mataimakinsa Satoru Okada da sauran ma'aikatan sashensu suka fitar ranar 21 ga Afrilu, 1989. Gilashinsa ba launi, kore-kore ne kawai mai duhu hawa huɗu, kuma ba shi da fitila a ciki. Abokan gasa suka yi masa dariya, suka fito da nasu masu launi da haske. Amma Game Gear na kamfanin Sega yana cinye batir shida cikin awa uku zuwa biyar, kuma a Amurka kuɗinsa kimanin dala 150 ne, alhali Game Boy kimanin dala 90 ne, batir huɗu kuma sukan kai shi awa goma sha biyar ko fiye. Iyaye masu sayen batir su suka yanke hukunci. Da shi da ƙanensa mai launi da ya biyo baya, an sayar da fiye da miliyan 118. Ƙwarinsa kuma ya zama abin labari, domin akwai wani da ya ƙone a yaƙin Tekun Fasha na 1991, robarsa ta narke, amma ya ci gaba da aiki, har aka yi shekaru ana nuna shi a kantin kamfanin da ke birnin New York.

Wasan da ya fi tallata shi shi ne Tetris, na jera tubala, wanda wani Barashe mai suna Alexey Pajitnov ya ƙaga a zamanin Tarayyar Sobiyat. 'Yan ƙananan gem ɗin tubala masu arha da suka cika kasuwanninmu daga Sin a shekarun 1990 kwaikwayon wannan ne, kuma sun karɓu a wajenmu ne saboda dalilin da Yokoi ya hango tun farko: abin da ba ya jiran wutar gari ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi.

Dalilin da Ya Sa Bindigar Ta Ƙi Sabuwar Talabijin

Gem ɗin da ake jonawa da talabijin, wato Famicom na 1983, wanda aka kai Amurka a 1985 da sunan NES, aikin Uemura ne da sashensa. Abin da Yokoi ya ba shi shi ne maɓallin nan nasa, da bindiga, da wasanni irin su Duck Hunt na 1984 da Metroid na 1986. Yawancin waɗanda suka iso kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga nan suka gangaro Haɗeja, kwaikwayo ne daga Taiwan da Sin, masu kaset da aka rubuta wa wasanni dubbai alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Duck Hunt kuwa kusan kullum yana ciki. Abin dariya ne a ce yaran da suka tashi suna ganin dinya da kirinjijiya garke-garke a fadamar Haɗeja zuwa Nguru su taru a gaban gilashi suna harbin agwagwar zane, kare yana yi musu dariya idan sun kuskure, amma haka aka yi.

Bindigar ba ta harba kome. Ido ne a cikin bakinta, mai jin haske, jikan farantin da Uemura ya kawo talla. Idan aka ja kunama, sai gem ɗin ya baƙanta fuskar talabijin gaba ɗaya na ɗan ƙiftawa, sa'an nan ya zana farin murabba'i daidai inda agwagwar take, duka cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Idan idon bindigar ya ga duhu sa'an nan ya ga haske a daidai wannan lokaci, to an yi bara daidai. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana zana hoto ne layi-layi a take da saƙon ya iso mata, sau 50 a daƙiƙa a tsarinmu, sau 60 a na Japan da Amurka, ba ta ajiye kome. Talabijin ta bango kuwa kwamfuta ce ƙarama. Sai ta karɓi hoton, ta ajiye shi, ta faɗaɗa shi ya cika gilashinta, sa'an nan ta nuna. Jinkirin ɗan kaɗan ne, amma kafin farin murabba'in ya bayyana gem ɗin ya riga ya duba ya yanke cewa an kuskure. Bugu da ƙari, an gina idon ne domin irin walƙiyar hasken tsohon gilashi, wadda sabon ba ya yi. Saboda haka bindigar lafiyarta ƙalau, abokiyar aikinta ce aka sauya mata.

Wannan jinkiri shi ne kuma yake sa Mario ya yi tsalle a makare. Dishi-dishin hoto kuwa daga faɗaɗawa ne, domin hoton tsohon gem layi 240 ne kacal, ana shimfiɗa shi a kan gilashi mai layi 1,080 ko fiye.

Ga wanda ke son tayar da nasa, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi tsohuwar talabijin, waɗanda har yanzu ana samu da arha wajen masu gyara. In kuwa sabuwa ce dole, to a yi amfani da wayoyin nan masu kai rawaya da fari maimakon ramin eriya. Idan talabijin ba ta da raminsu, akwai 'yar na'ura mai juya su zuwa HDMI, sa'an nan a shiga saiti a zaɓi yanayin wasa, wanda ke rage jinkiri. Wannan zai gyara yawancin wasanni, ban da na bindiga. A kuma kula da wuta: na'urar asali daga Japan ta bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 220 zuwa 240, wanda ya jona ba tare da taransifomar rage ƙarfi ba zai ji ƙauri nan take. Irin waɗannan ma sukan fito ba launi a tsohuwar talabijin tamu, saboda bambancin tsarin hoto. Mu da ke zaune a bakin ruwa, inda damina ke kawo laima da ambaliya, sai mu cire batir kafin ajiya, mu kuma ɗora kayan a sama. Shi Game Boy ba ruwansa da duk wannan. Gilashinsa a jikinsa yake, in bai lalace ba, batir huɗu sun ishe shi yau kamar yadda suka ishe shi a 1989.

Tuntuɓe da Barin Aiki

Ba kowace shuka tasa ce ta yi yabanya ba. A watan Yuli na 1995 aka fitar da Virtual Boy, na'urar da ake kafa ido a cikinta a ga hoto mai zurfi, ja da baƙi kawai. Masu wasa suka yi kukan ciwon kai da gajiyar ido da wuya, ba a sayar da fiye da kimanin 770,000 ba, aka dakatar da ita cikin shekara guda. An ruwaito cewa an fitar da ita ne kafin ya gamsu da ita, domin kamfanin yana son mai da ƙarfinsa kan Nintendo 64. Ko ma mene ne, sunansa ne a kan aikin, shi ya ɗauki nauyin.

Bai tafi a kan wannan faɗuwa ba. Ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, ƙarami kuma mai kyawun gilashi, wanda ya fito a Yuli 1996 ya yi kasuwa. Ranar 15 ga Agusta, 1996, ya ajiye aiki bayan shekara 31. Mutane da yawa sun ɗauka korarsa aka yi, amma shi ya bayyana cewa ya daɗe da niyyar barin aiki don ya kafa nasa. Ya buɗe kamfani mai suna Koto a Kiyoto, ya shiga aiki da kamfanin Bandai a kan sabon gem na hannu.

Rasuwarsa

Ranar 4 ga Oktoba, 1997, yana cikin mota tare da wani abokin aikinsa a kan babbar hanyar Hokuriku, a lardin Ishikawa, sai motarsu ta bugi bayan wata babbar mota. Suka fito don duba ɓarnar, wata motar da ke tafe ta buge su. Yokoi ya cika a asibiti bayan sa'o'i kaɗan, yana da shekara 56. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Haɗeja ya san irin wannan haɗari na biyu, wanda ke samun mutum yana tsaye a kan kwalta bayan ya tsira daga na farko.

Na'urar da yake aiki a kanta, WonderSwan, ta fito a Maris 1999, kuma batir ɗaya tak take ci. An sa wa ɗaya daga cikin wasanninta suna Gunpey don tunawa da shi. A 2003 taron masu ƙera wasanni na duniya ya karrama shi da lambar yabo ta aikin rayuwa. A gidan tarihin da Nintendo ya buɗe a garin Uji kusa da Kiyoto a Oktoba 2024, an tanadi wuraren da baƙi za su gwada Ultra Hand da Love Tester da bindigar haske da hannunsu.

Abin Lura Gare Mu

Malamanmu na kimiyya da na koyon sana'a sun sha gaya mana kada mu raina aikin hannu, da yawanmu muka ji da kunne ɗaya. Ga mutumin da manyan kamfanoni suka ƙi ɗauka, ya karɓi aikin sa wa inji mai, bai ɗauke shi wulaƙanci ba, daga nan kuma ya tsamo kamfanin karta daga halaka. A cikin ƙannenmu da 'ya'yanmu akwai masu gyaran waya da injin ban ruwa da janareta da sola, a Guri da Haɗeja da Kirikasamma, waɗanda kullum suke haɗa tsohon abu da tsohon abu su tayar da mai aiki. Abin da Yokoi ya samu wanda su suka rasa shi ne babba da zai tsaya ya dubi abin da suka ƙera, ya ce a mai da shi haja. A cikinmu yau akwai shugabannin makarantu da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Idan aka zo maganar abin da za mu yi wa tsohuwar makarantarmu, ya kamata ɗakin koyon sana'a da kayan aikinsa su shiga lissafi tare da fenti da katanga, mu kuma riƙa leƙa shi mu ga abin da yaran ke ƙerawa.